Ina yi wa kamfanin Ingila aiki daga Unguwar Rimi, wace ƙasa ce ke bina haraji?

Maman Sadik

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san harkar haraji da gaske nake so ya duba min wannan, domin na tambayi mutane kowa da tasa, har kaina ya ɗaure.

Na yi digiri na biyu a Ingila, daga nan na samu aiki a wani kamfani da ke raba kayan asibiti a Mancesta. Aikina bin oda ne. Asibiti ya nemi kaya, ni zan tabbatar an fitar daga sito, an ɗora a mota, an kai, an sa hannu. Kwamfuta ce da waya kawai, ko kwali ɗaya ba na ɗagawa. A watan Janairun nan Hajiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki, ni ce babbar mace a ɗakinmu, sai na tattara yarana biyu muka dawo gida. Maigidana dama a nan Kaduna yake aiki, shekarun nan duk zirga-zirga muke yi. Da na je ajiye aiki sai manajata ta ce me zai sa, tunda ko a can ma yawanci daga gida nake yi. Lokaci bai zama matsala ba. Yanzu da suke bazara agogonmu ɗaya da nasu, idan hunturu ya shiga mu ne gaba da awa ɗaya. Na sa sola da batir, na haɗa layin intanet biyu ko da ɗaya zai ɗauke, aiki yana tafiya lafiya ƙalau daga ɗakin baƙi.

Albashina fam 30,000 ne a shekara kafin a cire komai. Har yau a bankina na can ake zuba shi, ni kuma in turo abin da nake bukata. Takardar albashin ba ta canza ba ko kaɗan: ana cire harajin Birtaniya, ana cire NI, wato kuɗin inshorar ƙasa da ake tarawa don fanshon gwamnati, ana kuma cire kashi 5 na fanshon kamfani.

Abin da ya tayar da maganar, za mu yi wa wani fili namu na Rigacikun takarda, aka lissafo abubuwan da za mu kawo, ciki har da shaidar biyan haraji tawa, don da sunana aka saya. Na ce ai ni a Ingila nake biya. Mutumin da ke taimaka mana da takardun ya ce, "Hajiya, a ina kike kwana?" Tun daga ranar ban samu natsuwa ba.

Shin Jihar Kaduna tana bina haraji a kan kuɗin da ko Najeriya bai shigo ba tukuna? Idan tana bina, ke nan sau biyu zan biya? Kuma NI ɗin da ake ta cirewa, yana da wani amfani a gare ni ko asara nake yi? Na rubuta wa sashen ma'aikata na kamfanin, suka ce ba su taɓa samun irin wannan ba, in nemi shawara a ƙasata.

Ɗan Kawo

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Amma Anti wa ya aike ki? Kuɗi yana Ingila, an cire masa haraji a Ingila, ke kuma za ki ɗauki ƙafa ki kai kanki ofis ki ce ga ni ku yanka? Mutum nawa ne a garin nan ke cin dala daga ɗaki, wa ya taɓa bin su? Idan kin turo aka tambaya ki ce 'yan'uwa ne suka aiko na maganin Hajiya. Filin kuma a mayar da shi sunan maigida, shi da ake cire masa a albashi, magana ta ƙare.

Malam Akanta, Barnawa

Hajiya, Allah ya ba mahaifiyarki lafiya, ya saka miki da alheri. Aikina ke nan, don haka bari in bi abin a hankali. Ɗan Kawo, ka yi haƙuri, zan dawo kanka.

Mutumin nan da ya tambaye ki inda kike kwana ya yi tambayar da doka take yi. Haraji a kan albashi ba ya bin bankin da aka zuba kuɗin. Abu biyu yake bi: inda mutum yake zaune, da inda yake zaune yana yin aikin. Ke duka biyun Kaduna ne. A ƙarƙashin sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, wadda ta fara aiki 1 ga Janairu, 2026, wanda ya yi kwana 183 a Najeriya cikin wata goma sha biyu mazaunin ƙasa ne. Ko kwanakin ba su cika ba, samun gida na dindindin da iyali a nan yana iya sa a lissafa mutum mazauni. Kin dawo a Janairu, yanzu muna tsakiyar damina, miji da yara suna nan. Ba wata ƙofar gardama. Mazaunin Najeriya kuma ana bin sa haraji a kan duk abin da ya samu a duniya, ko ya shigo da kuɗin ko ya bar shi a waje. Kuma ba hukumar tarayya za ki je ba, wadda a da ake kira FIRS yanzu NRS. Harajin mutum ɗaya na jihar da yake zaune ne, wato a wurinki hukumar harajin Jihar Kaduna, KADIRS.

Maganar biya sau biyu, a nan kin yi sa'a da Ingila ce. Najeriya da Birtaniya suna da yarjejeniyar hana biyan haraji biyu tun 1987. A game da albashi, abin da ta tsara shi ne ƙasar da ma'aikaci yake zaune ita ke da haƙƙi, sai dai idan a ɗaya ƙasar yake yin aikin da jikinsa. To amma kada ki ɗauka za ki kawo takardar albashinki KADIRS a ce an yafe tunda an cire a can. Kamar mai haya ne da ya tashi daga gida amma bai daina tura wa tsohon mai gida kuɗi ba. Sabon mai gida ba zai karɓi rasit ɗin wancan ba, shi mai hayar ne zai bi kuɗinsa inda ya tura. Wato ki biya Kaduna, ki nemi hukumar harajin Birtaniya, HMRC, ta dawo miki da abin da aka cire bayan kin daina zama can.

Hanyar ita ce fom P85, wanda ake sanar da su an bar ƙasar. Suna da ma'auninsu na zama. Wanda yake cikakken aiki a waje, bai kai kwana 91 a Birtaniya cikin shekarar harajinsu ba, kuma bai wuce kwana 30 yana aiki a can ba, ba mazauni ba ne. Ki lura shekarar harajinsu daga 6 ga Afrilu take zuwa 5 ga Afrilu, tamu kuwa Janairu zuwa Disamba, shi ya sa watannin Janairu zuwa Afrilu suke bukatar a nemi a raba miki shekarar gida biyu. Idan sun amince za su ba kamfanin lambar NT, a daina cire harajin daga tushe. Ana iya neman a dawo da kuɗi har shekara huɗu baya, don haka bai ɓata ba.

Yanzu lissafin da ba zai yi daɗi ba. Mu ɗauka fam ɗaya naira 2,000 don sauƙin lissafi, duk da a takarda da farashin hukuma za a yi. Albashinki ya zama miliyan 60. Naira 800,000 na farko ba haraji. Miliyan 2.2 na gaba kashi 15, naira 330,000. Miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 1.62. Miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 2.73. Miliyan 25 na gaba kashi 23, miliyan 5.75. Abin da ya haura miliyan 50, a wurinki miliyan 10, kashi 25, miliyan 2.5. Jimla naira miliyan 12.93, wato fam 6,465.

A Ingila fam 12,570 na farko ba haraji, ragowar 17,430 kashi 20, fam 3,486 ke nan. NI kashi 8 a kan wannan ragowar, kusan fam 1,394. Ko an haɗa su ba su kai na nan ba. Dalili shi ne albashin da yake na talaka-talaka a Mancesta, idan aka juya shi naira ya shiga matakin manyan masu kuɗi. Wanda ya dawo daga waje yakan zaci harajin gida ya fi sauƙi, a irin albashinki kuwa akasin haka ne.

Akwai abubuwan da ake ragewa kafin lissafi: kashi 20 na kuɗin hayar gida amma bai wuce naira 500,000 ba, kuɗin fansho da aka zuba a tsarin Najeriya, inshorar lafiya, inshorar rai, da ruwan bashin gina gidan da mutum yake ciki. Tsohon rangwamen nan da ake yi wa kowa a dunƙule an soke shi. Ranar ƙarshe ta miƙa bayanin shekarar nan ita ce 31 ga Maris mai zuwa, kuma lambar NIN ɗinki ita ce lambar harajinki yanzu.

Ɗan Kawo, kyauta daga ɗan'uwa ba a bin ta haraji, wannan gaskiya ne. Amma kuɗi iri ɗaya, rana ɗaya a kowane wata, daga asusun da ke ɗauke da sunanta, wace irin kyauta ce? Najeriya da Birtaniya duk suna cikin tsarin da ƙasashe ke musayar bayanan asusun banki kai tsaye. Rashin miƙa bayani tara ce, a sa hannu a kan ƙarya kuwa laifi ne dabam. Kuma fili nata ne, da guminta ta saya, ba za ta sauya suna don gudun takarda ba.

Maman Sadik

Innalillahi. Malam, sama da miliyan ɗaya a wata ke nan fa. Na karanta sau biyu ina fatan kuskuren sifiri ne. Abin da ya fi damuna, kafin HMRC su dawo da nasu zan zama na biya duka biyun daga aljihu ɗaya, ga maganin Hajiya ga mai gashin ƙashi da ke zuwa gida, ga kuɗin makaranta na zuwa a Satumba. Gidan namu ne, ba haya ba, don haka ko wancan rangwamen ban samu ba. Na gode ƙwarai, gara na ji yanzu da in ji a Maris. To NI ɗin fa? Shi ma P85 zai tsayar da shi?

Anti Bilki, Biradfod

Ƙanwata, sannu da jinya. Ni har yanzu ina nan, na daɗe, kuma na ga 'yan'uwa da yawa sun koma gida sun bar abubuwa a buɗe. P85 ba ya taɓa NI, shi da haraji hanyarsu dabam. Kuma yarjejeniyar da Malam ya ambata ta haraji ce kaɗai. Babu yarjejeniyar fansho tsakanin Najeriya da Birtaniya, don haka shekarun can ba sa haɗuwa da na gida.

Ƙa'idar ita ce, wanda kamfanin Birtaniya ke biya kuma ya tafi ƙasar da ba yarjejeniya, ana ci gaba da cire masa NI na mako 52 na farko, idan har ana ɗaukarsa mai zama Birtaniya ne da ya fita na ɗan lokaci. Idan komawa ce ta dindindin, lissafin yana canzawa. Ke kaɗai kika san wanne ne naki, kuma ina ba ki shawara ki zauna da maigidanki ku yanke wannan kafin ki cika kowane fom, domin amsar da za ki ba HMRC dole ta zama ɗaya a ko'ina.

Kada ki yi saurin cewa asara ce. Shiga shafin gwamnatin Birtaniya ki duba shekara nawa kika tara. Sai da shekara 10 ake samun ko kwabo na fanshon gwamnati, cikakke kuma sai 35. Idan kina da bakwai ko takwas, wannan shekarar da ake cirewa tana matsar da ke kusa. A da mutane suna cike giɓin daga waje da ɗan kuɗi kaɗan, amma daga Afrilun 2026 an rufe wannan hanya mai arha, kuma sabon mai nema sai ya yi shekara goma na zama ko na biya kafin a bar shi ya ci gaba da kansa. Wani abin da ba a faɗa wa mutane: idan a Najeriya kike karɓar fanshon, ba a yi masa ƙarin shekara-shekara, a inda ya fara nan zai tsaya. Fanshon kamfani kuwa naki ne duk inda kike, sai dai ba za ki taɓa shi ba kafin shekara 55, kuma daga 2028 za a mayar 57.

Abu biyu na gaggawa. Idan kina karɓar kuɗin yara da gwamnatin Birtaniya ke ba iyaye, ki sanar yau, domin fita ta fi mako takwas tana tsayar da shi, kuma za su nemi a mayar da abin da ya shiga. Sannan idan takardar zama ta dindindin gare ki ba fasfon Birtaniya ba, shekara biyu a jere a waje tana kashe ta. Na san wadda ta gano haka a filin jirgi. Asibitin gwamnatin Birtaniya, NHS, ma kyautarsa ta mazauna ce, don haka ki yi wa kanki da yara rajistar inshorar lafiya a nan gida, ko ta hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kaduna, KADCHMA, ko ta 'yan kasuwa. Ki gaida Hajiya.

Injiniya Malali

Yaya, ni ban taɓa fita ba, manhaja nake rubuta wa wani kamfanin Amurka daga nan, amma a matsayin ɗan kwangila ba ma'aikaci ba. Amurka ba ta da yarjejeniyar haraji da mu, sai dai tunda a Kaduna nake yin aikin, fom W-8BEN kawai na cika musu ba sa cire komai, ni nake kai nawa KADIRS da kaina.

Dalilin da na sa baki, ki shirya, domin da zarar kamfaninki ya fahimci abin nan zai iya cewa a mayar da ke 'yar kwangila. Yana da daɗinsa. Ni ina cire kuɗin data da abin da na kashe a kan kayan aiki kafin a lissafa min haraji, abin da mai albashi ba ya samu. Amma hutun shekara ya tafi, albashin rashin lafiya ya tafi, kason da suke zuba miki a fansho ya tafi, kuma za su iya sallamar ki da saƙo ɗaya. Ga mai jinya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan za ki yarda, kada ki yarda a kan fam 30,000 ɗin nan, ki sa su ƙara abin da suka daina kashewa a kanki.

Dabarata kuma, duk kuɗin da ya shigo ina ware kashi ɗaya cikin huɗu a wani asusu da ba ni da katinsa. Fansho ma na buɗe na masu zaman kansu a ƙarƙashin hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, tsarin da aka fara a 2019, don ba mai tara min.

Malam Akanta, Barnawa

Injiniya ya taɓo inda kamfanin zai ji tsoro. Ma'aikacinsu na zaune a wata ƙasa yana iya jawo musu wajibcin rajista da cire haraji a can, idan kuma yana ƙulla ciniki da sunansu, ƙasar na iya cewa kamfanin kansa yana kasuwanci a cikinta. Maman Sadik ba ta sa hannu a kwangila, kuma kwastomominsu duk a Ingila suke, don haka haɗarin nasu kaɗan ne. Ki faɗa musu haka tun kafin lauyansu ya tsorata su.

Ban da ci gaba yadda kike yanzu da komawa 'yar kwangila, akwai hanya ta uku. Kamfanoni irin su Deel da Remote suna ɗaukar mutum aiki a takarda a nan Najeriya a madadin kamfanin waje. Su za su cire harajinki duk wata su tura wa jiha, su zuba fansho bisa dokar 2014, kashi 8 daga gare ki kashi 10 daga mai aiki. Kason naki kuma ana rage shi kafin lissafin haraji, don haka miliyan 12.93 ɗin zai sauko. Kamfanin ne zai biya kuɗin hidimar, shi ya sa wasu ke ja da baya. Amma NI ya tsaya ke nan, don haka ki fara duba shekarun da Anti ta ce.

Ɗan Kawo

To ni dai na ji, Allah ya huci zuciyar Malam. Amma a fitar da zakka a kuma ba gwamnati miliyan goma sha biyu, wallahi da zafi.

Maman Sadik

Anti Bilki, na duba, shekara bakwai nake da su, kuma eh, kuɗin yaran yana shiga har watan jiya. Na cika fom ɗin sanarwar da daren nan. Takardata ta dindindin ce, ba fasfo ba, mun fara maganar da maigida kuma ba ta ƙare ba, domin shi yana ganin mun dawo ke nan, ni kuma ban shirya rufe ƙofar ba. Manajata ta ce in rubuto hanyoyin uku da abin da kowacce za ta ci, ta kai gaba.

Malam, tambaya ta ƙarshe. Tunda ana cire wa maigidana a albashi, ba za a iya haɗa nawa da nasa a fayil ɗaya ba? Kuma me zan riƙe idan zan je?

Malam Akanta, Barnawa

Ba a haɗawa, Hajiya. A Najeriya miji da mata kowa da fayil ɗinsa. Ki tafi da NIN, takardar ɗaukar aiki, takardun albashi daga Janairu, bayanan bankin can da na nan, da shafin fasfo mai hatimin ranar shigowarki. Ki ce kina so a yi miki rajista a matsayin mai biya da kanta, domin mai ba ki albashi ba ya Najeriya. Ki tambayi yadda za ki rarraba biyan kafin Maris maimakon dunƙule ɗaya. Duk abin da za ki biya ya bi ta banki ko shafin hukumar, ki karɓi rasit mai sunanki. P85 kuma ki tura shi makon nan, kada ki jira kamfanin ya gama shawara, domin kowane wata da ya wuce kusan fam 290 ne za ki koma kina bi.